Wutsiya Tukuna

"Riƙe min nan, Ƙadiri. A'a, ba nan ba, wannan jar wayar. Kai! Hannunka dai sai fartanya."

Na riƙe inda ya nuna ina ɗari-ɗari. Baba Lawi yana zaune a bakin gado, an tokare masa baya da matasai biyu, ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga silifa. Kwamfutar kuwa tana kan teburin cin abincinsu, mun cire mata murfi, cikinta duk kashin ɓera da saƙar gizo. Ni na ɗauko ta da safiyar nan ta Litinin daga ɗakin ajiyar ƙungiyarmu, na ɗaure ta a bayan babur kamar buhun taki.

"Baba, in abin ga ya kama ni fa?" na ce.

"Ba a tayar da janareto ba, mi zai kama ka?"

Matarsa, Mama Selina, ta leƙo da ludayi a hannu. "Likita ya ce ka kwanta ka ɗaga ƙafa, kai kuma ka tashi kana yi wa ƙarfe tiyata." Ta juyo kaina. "Kai ma Ƙadiri, da girmanka."

Na sunkuyar da kai, don gaskiyarta ce. Amma ranar nan kwana tara ke nan gonata ba ta ga ruwa ba. Albasa ce fangali sittin, daidai lokacin da take fara kumbura a ƙasa, kuma ita ce abincin gidana na shekara. Bakin ganyen ya riga ya fara yin fari.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Mu arba'in da uku ne a kan kanal guda, wato magudanar ruwan ban-ruwa, can ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Gonakin da ke kusa da ƙofar ruwa su muke kira kai, na can ƙarshe kuma wutsiya. Tawa ita ce ta arba'in da uku, bayanta sai daji. A zamanin mahaifinmu ba a gama rani ba a fasa wa wani kai da fartanya ba a kan ruwan nan. Sai Allah ya kawo mana Levi, mutumin Billiri, wanda ya zo aikin awon ruwa tun ana gina madatsar, ya kama gida jikin namu, katanga ɗaya. Bakinmu ya kasa sunan, muka mayar da shi Lawi, ya amsa.

Shi ya zauna da wannan kwamfutar ya tsara mata abin da suke kira furogiram, mai raba mana ruwa. Ba da agogo ya raba ba, don wa ke da agogo a lambu? Da lokutan salla ya raba: Asuba zuwa hantsi, hantsi zuwa Azahar, Azahar zuwa La'asar, La'asar zuwa Magariba. Kirista ne mai zuwa coci kowace Lahadi, amma ya fi ladaninmu sanin lokacin da La'asar ke shiga a watan sanyi. Ya kuma sa mata doka guda da ba ta karyuwa: ruwan safe na wutsiya ne. Da safe ne ruwa ke da ƙarfin kaiwa ƙarshe. In rana ta take, ƙasa ce ke shanye shi a hanya.

Duk Alhamis firinta ta yi ta ƙara kamar injin niƙa, ta fito da doguwar takarda mai huji-huji a gefe biyu. A kai ta jikin tsamiyar da ke bakin ƙofar ruwa a buga da ƙusa. Kaka, tsohon da ke riƙe da mabuɗin ƙofar, lambobin gonaki kawai ya iya karantawa. Sai ya shafa hujin da babban yatsa ya ce, "Ita ta," ya buɗe wa mai rabo. Shekara ashirin ba a sake zubar da jini a kanal ɗin nan ba.

Da ciwon zuciya ya kwantar da Baba Lawi bayan shekarar ambaliya, sai ya miƙa aikin ga Mode. Mode ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na yi noma shi ya yi boko, ni kuma na kama hannunsa na kai shi wurin Baba Lawi na ce a koya masa. Ya koya, har ya zama sakataren ƙungiya, ya auri ɗiyar shugabanmu Alhaji Mainasara, mai gonakin alkama guda huɗu a kai. Wata guda kafin wannan Litinin ɗin, Mode ya tashi a taro ya ce ya sa wa kwamfutar sabon windo don ta ƙara sauri, sai furogiram ɗin ya ƙi buɗewa, firintar ma ta ƙi amsawa.

"Wallahi ba laihina ba na," ya ce. "Zamani na ya wuce ta."

Daga nan aka fara kawo farar takarda sumul daga shagon buga takardu na bakin kasuwa. A farar takardar nan kai ke shan ruwan safe, wutsiya sai bayan La'asar. Ruwan ya taho yana jan ciki, ya mutu a gona ta talatin da wani abu.

Na ce wa Baba Lawi tunda ya san rabon da ka, ya rubuta mana da biro mana. Ya girgiza kai.

"In na rubuta da hannu, za su ce Lawi maƙwabcin Ƙadiri ne. Kuma ba su yi ƙarya ba. Ita wannan ba ta da maƙwabci, ba ta da suruki. Shi ya sa suka yarda da ita."

"To mi ya kashe ta?"

"Ba ta mutu ba. Windo kamar ƙasar gona ne, furogiram kuma iri. An canza mata ƙasa, irin bai san ta ba. Mu mayar mata da tsohuwar ƙasarta, mu gani."

Tsohon windon yana cikin wani faifai da Mama Selina ta tono daga gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Na tayar da ɗan janaretonsu a tsakar gida, muka zura faifan. Ya yi ta juyi yana kuka, wani shuɗin layi ya taho a hankali har ya wuce rabi, sai ya tsaya cak. Baba Lawi ya fitar da shi, ya hura masa numfashi, ya goge da bakin zanen matarsa. Muka sake. Nan dai ya tsaya. Sau huɗu, har man janareto ya ƙare. Da ya ɗaga faifan wajen taga, sai ga wani zane ya ratsa shi daga tsakiya zuwa baki.

Raina ya ɓaci, na ce, "Shi ke nan, Baba. Ka kwanta. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

"Kai ka cika saurin yin ta'aziyya," ya ce. "Selina, kira min Augustina."

Augustina ɗiyarsu ce, tana aikin jinya a Sakkwato. Ita ta bi masu gyara shago-shago ranar Talata, suna yi mata dariya wai wa ke neman wannan tsohon abu yanzu, har ta dace da wani dattijo a lungun kasuwa da ya ajiye nasa. Ya kwafa mata. Ta ba direban motar Goronyo, ni na tare shi a tasha da yamma.

Ranar nan na je gona na dawo ban iya cin tuwo ba. Ƙasa ta tsage har yatsana na shiga. Na ɗauki jarka biyu na ɗebo ruwa daga wani kududdufi na zuba wa fangali uku na bakin hanya, ƙasar ta shanye kafin in miƙe. Saura hamsin da bakwai suna kallona.

Laraba bayan Azahar shuɗin layin ya kai ƙarshe. Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo da kanta har sau biyu, ni dai ina ta salati a zuci. Baba Lawi yana danna maɓallai da yatsa ɗaya, yana tsayawa ya ja numfashi, gumi yana bin wuyansa. Ya ce shi ba a ɗaki guda yake ajiye kayansa a cikin kwamfutar ba; Mode ya share ɗakin gaba ne kawai, na ciki yana nan yadda ya bar shi. Can sai gilashin ya yi baƙi, fararen haruffa suka jeru.

"Sannu da zuwa, tsohuwa," in ji shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Mama Selina ta yi guɗa ƙasa-ƙasa ta ce, "Yesu na gode, yanzu sai a bar min miji ya huta."

Ya danna wani maɓalli don ya ga inda aka tsaya. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya matso da kansa kusa da gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Mi tac ce, Baba?"

"Ba kome. Tsoffin abubuwa ne."

Ya kai hannu zai rufe, Mama Selina ta riƙe hannun. Shekara arba'in suna tare, ta san irin wannan ba komen. Ta zare tabarau daga fuskarsa ta sa a tata.

"Lawi, gonarsa ce, ƙanensa ne. Bari ya ji." Ta fara karantawa da ƙarfi, kalma-kalma. "Ran sha huɗu ga wata. Wanda ya shiga, Mode. An nemi a sa gona ta ɗaya kafin ta arba'in da uku. An ƙi. Wutsiya tukuna." Ta sauko layi na biyu. "Mode. An nemi a sa gona ta biyu kafin ta arba'in da uku. An ƙi. Wutsiya tukuna."

Ta bi su da yatsa tana ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya, duk a yini guda. Ashe tun farko Baba Lawi ya sa mata ta riƙa rubuta duk wanda ya taɓa ta da abin da ya nema. Ran sha biyar ga wata kuwa ita ce ranar da Mode ya tashi a taro ya rantse mana cewa zamani ne ya wuce ta.

Jama'a, na san zafin rana, na san harbin kunama, amma ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan ba. Ba ta ba shi abin da surukinsa ke so ba, sai ya toshe mata baki. Kuma lambar gonata ya riƙa bugawa da yatsunsa, arba'in da uku, arba'in da uku, yana sane da ko ta wace ce. Yaron da na goya a wuya zuwa makaranta lokacin da rafi ya cika! Na miƙe ina neman takalmana.

"Ina za ka?" in ji Baba Lawi.

"Za ni in gwada mai ni na yayanai."

"Zauna. In ka fasa masa baki albasa za ta sha jini ne? Ruwa muke nema. Saura firinta."

Na koma na zauna.

Firintar ta ci mana safiyar Alhamis. Ita ma sai da aka zura mata nata faifan kafin kwamfutar ta gane ta. Da ta gane ta kuma, sai ta yi ta ƙara tana fito da takarda fara fat, don zaren tawadar ya bushe. Mama Selina ce ta ɗauko man keken ɗinkinta, ta bi zaren tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ta shanya shi a taga. Takarda mai huji kuma saura falle shida a kwali, mun riga mun ɓata biyu.

Da hantsi muka sake gwadawa. Ƙarar nan ta tashi, ƙiii-ƙiii, har awakin gidana suka firgita. Baƙaƙen lambobi suka fara fitowa layi-layi, na farko a sama arba'in da uku. Ita kaɗai na iya karantawa, kuma ta ishe ni.

Ƙarar ce ta kira Mode. Sai ga shi ya yi sallama da kankana a hammata, da farar shadda, wai ya zo duba jikin Baba. Ya ga kwamfutar, ya ga takardar tana fitowa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Ni ban amsa sallamarsa ba.

"Shigo, ɗana," in ji Baba Lawi. "Zo ka yage min ita. Kai ka iya yage ta daidai layi, yayanka ɓata ta zai yi."

Mode ya ajiye kankanar, ya durƙusa, ya kama takardar ya yage ta a tsanake yadda aka koya masa. Ya miƙa da hannu biyu. Baba Lawi bai karɓa ba, kallonsa kawai yake yi.

"Sau goma sha ɗaya, Mode."

Mode ya dubi gilashin, ya dubi ƙasa.

"Da ka zo ka ce min an matsa maka, da na je wurin Alhaji da kaina, ko a baro ne a tura ni. Amma ka tsaya gaban mutane ka ce ta mutu. Har gaisuwa aka zo aka yi min."

"Baba, ku yi hanƙuri," in ji Mode. "Ba ku san yadda nika kwana gidana ba. Kullum maganar guda ta." Ya juyo wajena, idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, na yi kuskure. Gobe da Asuba ni da kaina za ni tsaya a buɗe ma wutsiya. In ban yi ba kada Allah shi bar ni."

Na so in tofa masa yawu. Amma Baba Lawi ya ɗora hannunsa mai kumburi a kan hular Mode ya ce, "Ya isa. Tashi. Kowa yana tuntuɓe." Ya yarda da shi, wallahi ya yarda. Ni ma, don kada in yi muku ƙarya, rabin zuciyata ta yarda, don na ga hawaye.

Da La'asar na kai takardar jikin tsamiya na buga mata ƙusa huɗu. Kaka ya taso daga inuwarsa, ya shafa hujin gefen da babban yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ita ta," ya ce. "Lawi ya tashe ta?"

"Ya tashe ta."

Mutanen wutsiya suka taru, mu goma sha biyu. Aka yi ta sa wa Baba Lawi albarka. Kowa ya ce gobe da an sallame Asuba yana bakin ƙofa, a ga wanda zai hana. Na biya na gaya wa Baba Lawi. Ya riga ya kwanta, numfashinsa yana fita da ƙyar, aikin kwana huɗun nan ya zuƙe shi.

"In ya kai gonarka ka zo ka faɗa min," ya ce. "Kada ka aiko. Kai nake so in gani."

Juma'a ina sallame Asuba na wuce gona kai tsaye. Na buɗe bakin fangalin farko, na gyara hanyar ruwa da fartanya, na tsuguna ina jira. Gari ya waye. Tsuntsaye suka gama hayaniyarsu. Rana ta fito ta hau kan giginya. Na kara kunnena a ƙasan kanal kamar mahaukaci, ko zan ji motsinsa. Babu.

Na hau babur na bi gefen kanal zuwa sama. Tun daga gona ta huɗu na fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Alkamar Alhaji Mainasara tana tsaye cikin ruwa har idon sawu.

A bakin ƙofa na iske su. Alhaji yana kan kujerar roba da carbi. Kaka yana zaune a gindin tsamiya, hannunsa babu mabuɗi, ya ƙi ɗaga ido. Mabuɗin yana hannun Mode. Jikin tsamiyar kuma ƙusoshina huɗu ne kawai, takardar na hango ta a ninke cikin aljihun farar shaddar. Cikin mutum goma sha biyun jiya, ban da ni biyu ne suka zo, su ma suna can nesa suna duban takalmansu.

"Mode," na ce, "ina rantsuwarka?"

"Yaya, takardag ga ba ta da hatimin ƙungiya. Sai kwamiti ya zamna."

"Shekara ashirin wane hatimi anka taɓa sa mata?"

Ya dubi surukinsa. Alhaji ne ya yi gyaran murya.

"Abdulƙadiri, ka yi hanƙuri. Alkama ta hidda kai, in ta rasa ruwa sati guda ta tahi. Ran Lahadi in aiko ma da injina ka ja daga gulbi. 'Yan'uwanka duk mun yi magana da su jiya bayan Magariba, kowa na da ranatai."

Ashe haka ne. Gida-gida aka bi su, kowa aka yi masa alkawarin injin na yini guda, suka sayar da shekara ashirin. Ni da gulbi kuwa akwai tafiyar da babu tiyon da zai kai, Alhaji ya fi kowa sani.

Ban san lokacin da na cafki wuyan rigar Mode ba. Na jijjiga shi har hularsa ta faɗa cikin kanal, ruwan ya tafi da ita wajen alkama. Bai ko ɗaga hannu ba, kuma bai saki mabuɗin ba. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu. Mama Selina ce.

"Ƙadiri, ka zo yanzu. Yana ta kiran sunanka."

Na sake shi. Na tayar da babur.

A tsakar gidansu na iske ta tsaye bakin randa, idanunta sun yi ja. Ta dube ni sau ɗaya ta gane.

"Bai kai ba," ta ce.

"Bai kai ba, Mama."

"Tun Asuba yake tambaya. Ya ƙi shan ko kunu, wai sai ka zo." Ta dubi ƙafafuna, busassu, fari fat da ƙura. "Haka za ka shiga masa?"

Ni na fara cire takalmi, ba ita ta ce ba, kada a ɗora mata. Na naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba a ƙasa nan gindin randa, ta ƙara, na taka na cakuɗa har ya zama taɓo. Na shafa a ƙwauri, na shafa a hannu, na ɗan goga a gaban riga. Sannan na yi sallama na shiga.

An kwantar da shi rigingine, kansa a kan matasai uku. Kwamfutar tana nan kan tebur an rufa mata zane. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ƙadiri. Ya kai?"

"Ya kai, Baba. Tun da sassahe. Fangali sittin duk sun sha."

"Mode ya tsaya?"

"Shi da kainai ya buɗe."

Fuskarsa ta saki. Ya lumshe ido yana murmushi, leɓunansa suna motsi, ina jin addu'a yake yi da yarensu. Na ji daɗi, Allah ya gafarta mini, har na ji kamar gaskiya na faɗa. Sai ya sake buɗe ido ya ce in matso. Na matso jikin gado. Ya sauko da hannunsa a hankali ya shafi ƙwaurina, ya ɗaga yatsun kusa da fuskarsa, ya murza taɓon tsakanin babban yatsa da manuni. Ya daɗe yana murzawa.

"Yaushe ƙasar wutsiya ta koma ja?"

Ƙasar unguwarmu jigawa ce, ja mai yashi. Ta gonata laka ce baƙa ƙirin, mai kama ƙafa. Mutumin da ya auna gonar nan taku-taku da igiya, shi na zo in ruɗa da taɓon gindin randa.

"Baba..."

"Har da kai aka koma kawo min farar takarda." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya goge yatsunsa a jikin zanen gado. "Je ka wanke ƙafarka, za ka masallaci."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Na tsaya ina jira ko zai ƙara wata magana, ko zagi ne. Mama Selina ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa, ta yi mini alama da kai in fita. Na fita na zauna a dakalin ƙofar gida, ban wanke ƙafar ba. Ban kai ga jin kiran sallar Juma'a ba sai na ji kukanta.

Albasata ba ta kai Lahadi ba, injin Alhaji ma bai zo ba, amma wannan daga baya ne. A ranar dai, da La'asar, mutanen cocinsu suka fara isowa, matan unguwarmu ma suka shigo da tabarmi da kwanonin abinci. Aka ce a fitar da tebur a share ɗakin don masu zaman makoki. Ni da wani malamin asibiti muka ɗauke teburin da kwamfutar a kai, muka ajiye a baranda.

Da na koma ɗauko kujeru, sai na iske Mama Selina tsaye a tsakiyar ɗakin da tsintsiya a hannu, ba ta shara. Sawuna take kallo a kan siminti, guda bakwai daga bakin ƙofa zuwa inda gadon yake, jajaye. Sun riga sun bushe, gefensu ya fara tsagewa.